Ba Kowane Naƙasasshen Kwabo Ne Kuskuren Maƙera Ba

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta daina buga kwabonta na santi ɗaya da tagulla, saboda ana bukatar jan ƙarfe wajen ƙera kayan yaƙi. Sai ta koma buga shi da baƙin ƙarfe wanda aka shafe da tutiya, har fiye da guda biliyan ɗaya a wannan shekara. To, amma wasu 'yan ƙwayoyin tagulla, ragowar aikin 1942, sun maƙale a cikin mazubin maƙera, suka bi sahun sababbin, hatimin 1943 ya hau kansu. Waɗanda aka gano har yau ba su kai hamsin ba. Ɗaya daga cikinsu, bugun maƙerar Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010.

Tun da labarin kwabban nan ya bazu, 'yan damfara suka samu sana'a. Wasu suka riƙa shafa wa kwabon baƙin ƙarfe ruwan tagulla. Wasu kuma suka ɗauki kwabon tagulla na 1948, suka sa magagari suka goge rabin lambar 8 har ta koma kamar 3. Jabun da ke yawo ya ninka na gaskiya nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa sun zuba kuɗinsu a kan abin da bai kai farashin ƙwayar alewa ba.

Abin da ke jefa mutane cikin wannan asara shi ne zaton cewa baƙon kama shi ne daraja. Da zarar mutum ya ga kwabo karkatacce, ko mai gutsure, ko mai launi dabam, sai zuciyarsa ta raya masa ya yi tsintuwa. Alhali kuwa mafi yawan kuɗin ƙarfen da suka fita dabam, wahalar duniya ce ta mayar da su haka: mota ta taka, ƙasa ta ci, wuta ta lasa, ko yaro ya gwada guduma a kai. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce "Me wannan ya yi kama da shi?" ba. Tambayar ita ce, "A wane mataki na aikin maƙera ne hakan zai iya faruwa?" Idan babu matakin da zai iya haifar da abin da ake gani, magana ta ƙare, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Matakan kuwa ba su da yawa. Da farko ana murza ƙarfe ya zama dogon falle, inji ya huda shi ya fitar da ƙwayoyi masu da'ira, waɗanda za a iya kira ɗanyen kwabo. Daga nan a matse gefen kowace ƙwaya don leɓenta ya ɗan tashi. Sannan a jefa ta cikin wani zoben ƙarfe, hatimi biyu, na sama da na ƙasa, su dake ta lokaci guda da ƙarfin tan masu yawa. A cikin wannan ƙiftawar ido ƙarfen ba ya yankewa, malala yake yi kamar ƙullu, ya cika ramukan zanen hatimi, zoben kuma ya tsare masa faɗinsa. Kenan kuskuren gaskiya ba ya wuce gida uku: ko daga ɗanyen kwabo, ko daga hatimi, ko daga bugun kansa. Duk abin da ya samu kwabo bayan hatimi ya ɗaga, ɓarna ce, ko da a harabar maƙerar ya faru.

Wannan malalar ƙarfe ita ce shaidar da ɗan damfara ya fi kasa kwaikwayo. Alal misali, a ɗauki kwabo mai gutsure a gefe. Yakan faru a maƙera idan fallen ƙarfe bai matsa gaba sosai ba, injin ya huda wurin da ya haɗa da ramin da ya riga ya huda. Tun da gutsuren ya riga bugu, haruffan da ke kusa da shi sukan dusashe a hankali, don ƙarfen ya gudu zuwa wurin da babu kowa. Bugu da ƙari, injin tayar da leɓe yana matsa gefe biyu ne a lokaci guda. Idan gefe ɗaya babu ƙarfe, ɗaya gefen ba zai samu matsi ba. Shi ya sa sau da yawa akan tarar leɓen da ke daura da gutsuren ya kwanta, abin da masana ke kira alamar Blakesley. Wanda ya yanke kwabo da almakashin ƙarfe kuwa, zai bar haruffa raɗau har bakin yankan, gefen ya lanƙwashe, leɓen ɗaya ɓangaren kuma lafiya lau. Dabarar mutum takan tsaya a wurin da yake kallo, ya manta da bayan kwabon.

Haka abin yake ga siririn kwabo. Wanda aka buga a kan ɗanyen da bai kai kauri ba yakan fito da cikakken faɗi, fuskarsa sumul, sai dai zanen bai fito sosai ba. Wanda aka jiƙa a asid kuwa ya rage ta kowane ɓangare, har faɗinsa, fuskarsa kuma ta yi kaushi kamar an yayyafa mata yashi. Kwabo mai kai biyu ma kusan dukkansu aikin hannu ne: a rarake ɗaya, a fere ɗaya, a cusa shi ciki. Gilashin ƙara girma zai nuna siririn layin haɗin daga cikin leɓe, idan kuma aka sake shi a kan tebur, ƙararsa a dushe take.

Kuskuren hatimi ya fi sauƙin tantancewa, domin yana da 'yan'uwa. Hatimi ɗaya yana buga dubban kwabbai, kuma duk aibin da ke jikinsa zai fito a kan kowannensu, a wuri ɗaya, da siffa ɗaya. A 1955 maƙerar Filadelfiya ta yi aiki da wani hatimi wanda zanensa ya hau sau biyu a ɗan karkace tun wajen ƙera shi, sai shekarar da rubutun fuskar kwabon suka fito biyu-biyu, ana gani ba sai da tabarau ba. Sama da guda 20,000 suka shiga hannun jama'a, kuma babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa. Haka a 1937 wani ma'aikaci a Denba ya wuce gona da iri wajen goge hatimin santi biyar, har ƙafar gaba ta ɓaunan da ke jiki ta ɓace. Masu magagari sun yanke wa ɓauna da yawa ƙafa tun daga lokacin, amma ba su iya samar da sauran tabban da gugar ta bari a hatimin ba, kamar 'yan ɗigon da ke ƙarƙashin cikin dabbar da zaizayar ƙafarta ta baya. Don haka wanda ya zo da "kuskuren hatimi" da ba a taɓa ganin irinsa ba, shi ke da nauyin kawo hujja, ba mai shakka ba.

Wani lokaci ma babu ɗan damfara a cikin lamarin, rashin sani ne kawai. A 2008 Ingila ta sake zanen kuɗinta, ta ɗauke shekara daga bayan kwabon fenni 20 ta mayar fuskarsa. Aka yi kuskuren haɗa tsohon hatimin fuska da sabon hatimin baya, sai kwabbai ƙasa da 250,000 suka fita babu shekara ko'ina. Irin wannan auren hatimi ana yi masa laƙabi da alfadari, tun da uwa dabam uba dabam. Da labari ya fito, mutane da dama suka dubi fuskar tsohon fenni 20 ɗinsu, ba su ga shekara ba, suka yi murna, alhali tana nan a baya inda take tun asali.

Akwai makamancin wannan a tsofaffin akwatunan gidajen ƙasar Hausa. Kwabo da anini na zamanin Turawa, masu tauraro da rubutun Larabci, hujinsu daga maƙera yake, zanen ma kewaye da shi aka tsara. Hujin ƙusa, irin wanda ake yi wa sulalla don ado, yana cin haruffa, ya tura ƙarfe ya yi tudu a ɗaya gefen. Aninin farko na 1907 da 1908 da alminiyam aka yi shi, bai jure yanayi ba, aka canza masa ƙarfe a 1908. Ramukan da ke jikin irinsa cin zamani ne. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na shekarar, shi ma ba kuskure ba ne: miliyoyi aka buga, kuma ba shi da wuyar samu.

Mai musu zai iya cewa wannan ƙa'ida ta "kafin bugu ko bayan bugu" ba ta raba gardama ko da yaushe, kuma yana da gaskiya. Akwai kwandalar santi 25 ta Amurka, bugun San Faransisko na 1970, da aka buga a kan kuɗin Kanada na 1941. Hatimin gwamnati ne ya dake ta, a cikin maƙera, amma da wuya hankali ya yarda tsautsayi ne ya kai tsohon kuɗin wata ƙasa bakin injin. Akwai kuma masu ƙera hatimin jabu su buga nasu "kuskuren", wanda sai ƙwararru masu na'urar binciken sinadaran ƙarfe ke iya kamawa. Sai dai waɗannan tsiraru ne. Abin da ke cinye kuɗin jama'a yau da gobe shi ne aikin magagari, asid da guduma, kuma kayan ɗakin gwaje-gwajen sakandare sun isa su tona asirinsa.

A nan ne malaman kimiyya ke barin dama tana wuce su. Kwabon 1943 kaɗai darasi ne cikakke kan yadda ake gwada zance. Maganaɗisu zai ja wanda aka shafa wa ruwan tagulla, domin cikinsa baƙin ƙarfe ne. Sikeli zai nuna giram 2.7 maimakon 3.11 na tagulla. Amma kwabon 1948 da aka goge zai tsallake gwajin nan biyu, tun da tagullar gaske ce. Ba ya faɗuwa sai an ajiye shi kusa da kwabon baƙin ƙarfe na 1943, a ga wutsiyar lambar 3 ta gaskiya doguwa ce, tana gangarowa ƙasa, ta jabun kuwa a dunƙule. Ɗalibin da ya bi matakan nan ya ga da idonsa cewa gwaji ɗaya yana iya ƙaryata zance, amma ba ya isa ya tabbatar da shi. Ba sai an nemo kuɗin Amurka ba: kwandaloli ashirin iri ɗaya, sikeli mai auna ɗigon giram, da ma'aunin kauri sun isa aji ya gano iyakar bambancin da maƙera ke bari tsakanin kwabo da kwabo, da inda bambanci ya zarce wannan iyaka.

Sharaɗi ɗaya ne: gwajin kada ya taɓa lafiyar kwabon. Ba a kankare shi da wuƙa don a ga cikinsa, ba a wanke shi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Ana riƙe shi ta gefe, a auna, a rubuta abin da aka samu, a nannaɗe shi a takarda mai tsabta. Idan ya tsallake maganaɗisu da sikeli da gilashi, sai a nemi masanin da ba shi ne mai saye ba.