Takarda a hannu, ƙofa a rufe

Kowace shekara makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, da cibiyar ISP, da makarantu masu zaman kansu suna yaye ɗimbin matasa: malaman asibiti, ungozomomi, masana kiwon lafiyar jama'a da ma'aikatan kula da marasa galihu. Ranar biki ana guɗa. Kashegari sai tambaya ta taso: ina aka dosa?

Hanyar sananniya ce. Da fari aikin sa kai a wani gidan likita, babu ko dala. Sannan bautar ƙasa ta shekara 2 ga mai babbar takarda, da ɗan alawus ɗin da ba ya ganin ƙarshen wata. Daga nan kwantaragi, in an dace. Lambar ma'aikacin gwamnati kuwa sai ranar da aka buɗe jarrabawa, ranar da babu mai iya faɗinta. Ɗan kasuwar da ya biya wa ƴarsa kuɗin makaranta shekara 3 shi ne har yanzu ke ba ta kuɗin mota zuwa wurin aiki.

Ciwon ba na yau ba ne. A shekarun 1990 tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni ya taƙaita ɗaukar ma'aikata, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 kuma ta ƙarasa abin da ya rage na albashi. Ƙungiyoyin agaji suka zama mafaka. A yunwar 2005 ƙungiyar MSF ta ɗauki ƴan ƙasa masu yawa a jihar Maraɗi don jinyar yara masu tamowa. Amma furoje yana da ranar ƙarewa, kuma rufe hukumar USAID da Amurka ta yi a 2025 ya tuna wa kowa cewa kayan aro ba ya ado.

Alhali an ga amfanin waɗannan ma'aikata. Daga 1998 zuwa 2009 mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 zuwa 128 cikin dubu. Ɗakunan shan magani na ƙauyuka da jinyar yara kyauta da aka soma a 2006 sun taimaka, amma gini ba ya allura. Mutum ne ke yi. Haka ma ma'aikacin kula da marasa galihu, wanda aka fi mantawa da shi: shi ke bin sawu har gida ya gano dalilin da ya hana uwa komo da ɗanta awo.

Abin da ya kamata hukuma ta yi bai gagara ba. A tsaida lokacin jarrabawar ɗaukar aiki kowace shekara, a bayyana yawan gurabe. Wanda ya yarda ya yi shekarunsa na farko a ƙauyukan Tanut ko Abalak, a ba shi masauki da tabbacin lamba. Shekarun sa kai da na kwantaragi a lissafa su cikin hidima. Kuɗin kuwa, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. A cika shi.

Waɗanda suka ga sanƙarau na 1995 sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin da aka bari a bakin ƙofa yau, ranar annoba ba za a tarar da shi nan ba.