Wanda Kake Yi Wa Hassada Kai Yake Jira

Tun watan Mayun 2024, lokacin da Notcoin, kirifton da ake tarawa ta hanyar dangwala waya a Telegram, ta fashe, wato aka fara cinikinta, wani ciwo ya shiga majalisun samari da ofisoshin gwamnati a Arewa, kuma ban ga alamar ya fita ba. Yaron da ake yi wa dariya saboda ya wuni yana dangwala fuskar waya, sai ga shi da 'yan daloli, ya canza waya, wani har da babur. Masu dariyar suka koma gida suna juyi a kan katifa. Ba wanda zai fito ya ce hassada yake yi. Abin da za ka ji shi ne "ai kuɗin banza ne," ko "bari dai mu ga ƙarshen abin." Can cikin dare kuma mai maganar ya lallaɓa ya sauke Telegram.

Ba na zargin wanda abin ya sosa wa rai. A duba lokacin da ya faru. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Malamin firamaren da ya yi shekara ashirin yana shaƙar ƙurar alli, ya ga tsohon ɗalibinsa yana nuna abin da ya fi albashinsa na wata uku, kuma wai daga taɓa waya, in zuciyarsa ba ta motsa ba to waliyyi ne. Motsin zuciya ba a hana shi. Inda nake da magana shi ne abin da hannu ke yi bayan zuciya ta motsa.

Idan ka yi ƙyashin gonar maƙwabcinka, iyakarta ka kwana da baƙin ciki. Ba za ka iya tashi da tsakar dare ka shuka dawa don ka kamo shi ba, dole ka jira damina. Kirifto ba ta da damina. Kasuwar a buɗe take dare da rana, tana cikin aljihunka, tsakanin jin zafin da tura kuɗin minti biyar ne. Kuma zafin ba ya zuwa sai lokacin da farashi ya riga ya yi sama, domin a lokacin ne masu riba ke surutu. Su kuwa ribarsu lamba ce kawai a fuskar waya har sai sun sami wanda zai saya a hannunsu da tsada. Wane ne wannan mai sayen? Wanda ya ga hoton ribar, ya kasa barci.

Ba hasashena ba ne. Bankin BIS da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wanda ake kira bankin manyan bankunan duniya, ya bi diddigin masu sauke manhajojin cinikin kirifto a ƙasashe 95 daga 2015 zuwa 2022. Ya gano cewa jama'a na tururuwar shiga ne idan farashi ya hau, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu shigar, bisa ƙiyasinsa, asara suka yi a Bitcoin. Tarihin farashin ma ya isa shaida. A watan Nuwamban 2021 Bitcoin ta kai kusan dala 69,000. Bayan shekara guda, da kirifton Terra ta rushe a watan Mayu, kamfanin cinikin kirifto na FTX ya bi ta a Nuwamba, Bitcoin ta sauko wajen dala 16,000. Gaskiya ne ta sake tashi har ta haye dala 100,000 a Disamban 2024, kuma wanda ya iya riƙewa ya ga alheri. Amma wanda ya shiga da kuɗin adashen matarsa ko kuɗin hayar shago ba shi da shekara uku ta jira. Wata biyu ake yi a fara buga masa ƙofa, ya sayar a ƙasa.

Nan gida ma mun gani da idonmu. Waɗanda Notcoin ta wuce, su ne suka yi wa Hamster Kombat, wani wasan dangwale irinta, rubdugu. Kamfanin ya yi iƙirarin mutum miliyan 300 ke dangwalensa a duniya. A Kano da Kaduna da Gusau sai ka ga magidanci a layin banki yana dangwale, ɗalibi a aji yana dangwale, wani da waya biyu. Ranar 26 ga Satumban 2024 aka fashe, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba, balle cajin waya. Lissafin ba shi da wuya: Notcoin ta yi daɗi ne saboda masu rabon ba su yi yawa ba, ita kuwa wannan kowa ya zo da ƙwaryarsa. Haka Pi, wata kirifton, wadda mutane suka yi ta latsawa tun 2019, wasu suna rantsuwa kowace ɗaya za ta kai dala 314,159. Da aka buɗe cinikinta a watan Fabrairun 2025 ta taɓa kusa da dala uku, daga baya ta faɗo ƙasa da dala ɗaya. Wanda ya tara kyauta ya sayar a makon farko ya ci. Wanda ya ga ana ci ya sa kuɗinsa ya saya, shi ya biya.

Mafi muni shi ne masu damfara sun san wannan rauni namu fiye da yadda muka san shi. Manhajar zuba jari ta CBEX, wadda ta rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda ta yi, alƙawarin da ko yaro ya san ba kasuwar da ke iya cikawa. Ba tallan rediyo ne ya fi kawo mata mutane ba. Ganin abokin aiki ya cire kuɗi sau ɗaya, sau biyu, shi ya kawo su. MMM ta yi mana irin wannan a Disamban 2016, shekara tara ba ta cika ba muka manta.

Sai kuma abin da ba a gani. Wanda ya ci riba yana ɗora hoto a sitatus ɗin WhatsApp. Wanda ya yi asara shiru yake yi, ko ya ɗora addu'a. A unguwarku za a iya samun mutum ɗaya da ya ci da goma da suka ƙone, amma labarin ɗayan ne zai zaga. Shi kansa hoton ba ya faɗin nawa aka zuba, ko bashi aka ci, ko an cire kuɗin ko suna nan a lamba, ko kuma ribar jiya ta cike ramin asarar watan jiya. Wasu ma da suka riƙe USDT, kirifton da ke bin darajar dala, a 2023 suka ga kuɗinsu ya ninka a naira, ba wata dabara suka yi ba, naira ce ta faɗi a ƙarƙashinsu.

Akwai wata fuskar hassadar da ta fi ba ni kunya, ita ce murnar da ake yi idan abin ya rushe. Ranar Hamster an sha barkwanci, kuma wani barkwancin na da daɗi, ba na musu. Amma a cikin masu cewa "ai dama mun faɗa" akwai waɗanda ba nasiha ce ta dame su ba, sauƙi suka ji don ɗan'uwansu bai wuce su ba. Malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin kirifto, wasu sun haramta, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Ban taɓa jin wanda ya halatta fatan ni'imar wani ta gushe ba. Mutum ya fake da fatawa alhali abin da ke cinsa daban ne, wannan yaudarar kai ce.

To me mutum zai yi idan zafin ya taso? Ni dai abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, kada su sayi komai a ranar da suka ga ribar wani. A bari mako ya zagayo. Idan bayan mako kana iya bayyana wa mahaifiyarka mene ne abin, wa ke sayensa, don me zai yi daraja, to ka shiga da kuɗin da in ya ɓata ba za a fasa ɗora tukunya a gidanka ba. In ba ka iya ba, ba kasuwanci ke kiranka ba. Wanda hotunansa ke hana ka barci, ka rufe sitatus ɗinsa, ba gaba ba ce, ba kuma zai sani ba. In kun haɗu ka ce masa Allah ya sanya albarka, ko da bakin ya yi nauyi, sau da yawa zuciya na bin harshe daga baya. In kuma da gaske kake son koyo, ka zauna da shi ka tambaye shi yaushe ya shiga, da nawa, nawa ya taɓa asara. Na gaskiya zai faɗa maka, har ya ja maka kunne.

Wanda ba na gaskiya ba kuwa zai tsallake tambayoyin ya turo maka lambar gayyatarsa. A yawancin waɗannan manhajoji, duk wanda ya shiga ta lambar mutum ana ƙara wa mai lambar kaso, a wasu ma daga kuɗin da sabon shigan ya zuba ake yankar masa. Kafin ka ce wane ya fi ka sa'a, ka sake buɗe hoton da ya ɗora, ka duba ko akwai wannan lambar a ƙasansa.