Ɗan tsakiya ko ɗan gaba, wa za ka fara ɗauka?

Wasan Fantasy na Firimiyar Ingila ya shigo mana gidaje, daga Shinaka har Goronyo, kuma iyaye na yawan tambayata ko caca ce. Shigarsa kyauta ce. Fam miliyan 100 na bogi ake ba yaro ya zaɓi 'yan wasa 15. Amma da zarar samari sun fara tara kuɗi don wanda ya yi nasara ya kwashe, to ta zama caca, sai ku sa ido.

Ku masu bugawa kuwa, ni 'yan tsakiya nake sawa a sahun farko. Ƙwallonsu maki 5 ce, ta ɗan gaba 4, ga Salah nan ya tara 344 a kakar 2024/25. 'Yan gaba su biyo. Sai 'yan baya masu haurowa irin Ola Aina: in ba a zura musu ba maki 4, in suka ci 6. Gola kam, ɗauki mai araha.

Wanda tsokar bayan cinyarsa ta taɓa yagewa ba na rawar jikin ɗaukarsa, komai sunansa. Ciwo ne mai son dawowa, musamman makonnin farko da komawa fili.