Daren da Wuta Ta Tashi a Gidan Tsofaffi



Kwanakin baya bayan mun tashi daga darasi, wata ɗalibata a ajin matan aure ta ba mu labarin ƙanwarta da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Wai kullum ƙorafinta ɗaya: idan tana aikin dare sai ta bi ɗaki-ɗaki ta tabbatar kowace ƙofa a rufe take, ta rubuta wanda ya sha magani da wanda aka juya wa kwanciya, har ruwan wanka sai an auna zafinsa. Muka yi dariya, muka ce Bature da son takarda. Ni ma na yi dariyar. Da na bi diddigin abin daga baya, sai jikina ya yi sanyi.

A daren 31 ga Janairun 2004 gobara ta tashi a wani gidan tsofaffi mai suna Rosepark, a garin Uddingston kusa da Gilasgo a Sikotlan. Mutum 14 suka rasu. Abin da zai ba ki mamaki, 'yar uwa, wutar ba wata babba ba ce, gidan ma bai ƙone ba. Wayar lantarki ce ta samu matsala a cikin wani ɗan ƙaramin sito da ke kan baranda. A sitan an ajiye gwangwanayen feshi, zafi ya sa suka fashe, hayaƙi ya cika barandar. Ɗakunan tsofaffin nan da yawa a buɗe suke, domin wasunsu ba sa son a rufe su cikin dare, ma'aikata kuma suna ganin tausayi ne a bar musu ƙofa a buɗe. Hayaƙin ya bi su har gado.

Ƙararrawar gobara ta yi ƙara yadda ya kamata. Amma al'adar gidan ita ce sai an nemo inda wutar take kafin a kira 'yan kwana-kwana. Aka ɓata minti 9 ana nema. Ki ƙiyasta minti 9 ga tsohuwar da ko tashi zaune ba ta iyawa sai an ɗaga ta. Binciken kotu da aka fitar a 2011 ya nuna cewa da an ɗauki matakan da suka dace, da an kauce wa asarar rayukan, ko dai duka ko wasu daga ciki. Mu mun yi imani kowa da kwanansa, amma ƙaddara ba ta wanke wanda aka ba amana ya yi sakaci.

Tun 2005 Sikotlan ta wajabta sa bututun da ke yayyafa ruwa da kansa idan ya ji zafin wuta a duk sabon gidan tsofaffi. Ingila ba ta wajabta haka ga dukkan sababbin gidaje ba sai a 2025. Tana dai da hukumar CQC da ta fara aiki a 2009, mai zuwa duba gidajen. Tana tambaya ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana musu da tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa, ko shugabancin gidan na da kyau. Daga nan ta ba gida ɗaya daga cikin matakai 4, kuma dole gidan ya kafe sakamakon inda mai shigowa zai gani. Ba na cewa wannan ya gama magance komai, don sufeto da rana ya fi zuwa, abin da ya faru a Rosepark kuwa gab da asuba ne.

Na san abin da ke ranki: mu ai ba ma kai iyayenmu irin waɗannan gidaje. Alhamdulillahi. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ma tana maganar iyayen da tsufa ya riska suna wurin ɗansu ne. To amma wannan yana nufin gidanki shi ne gidan tsofaffin, kuma babu sufeton da zai zo ya duba shi sai ke da maigida.

Ɗakin Hajiya a yawancin gidajenmu yana can ƙurya, don a rage mata hayaniyar jikoki. Tagarsa da ƙarfe saboda ɓarayi. Da hunturu a kai mata kaskon garwashi ta ji ɗumi, a rufe ko'ina ruf, alhali garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mai barci ba zai san ya shaƙa ba. Ga igiyar leƙo kusa da gidan sauro, ga kyandir in an ɗauke wuta. Wa ke kwana da ita? Sau da yawa jikar da ba ta wuce shekara 10 ba, wadda in ta yi barci ko ganga ba ta tashinta. In Hajiya ta zame a makewayi da ƙarfe 3 na dare, wa zai ji kiranta? Maganin hawan jini da na suga, wa ya san ta sha ko ba ta sha ba? Rubutun nan da muka yi wa dariya, amfaninsa ke nan: kada a ba ta sau biyu, kada kuma kowa ya zaci wani ya ba ta.

Ni dai da na zagaya ɗakin uwar mijina a daren, na tarar tana sa sakata ta ciki, wadda babu mai iya buɗewa daga waje. Na sha fama kafin ta yarda a cire, sai da ɗanta ya sa baki, don cewa ta yi mun raina ta. Yanzu makulli ne, ɗaya a wurinta, ɗaya rataye a ɗakina. Kaskon kuma ana fitar da shi kafin ta kwanta, aka ƙara mata bargo.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.