Tsohuwar Manhaja da Sabon Tafinta: Darasi Daga Kermit

A shekarar 1981, a Jami'ar Columbia da ke birnin New York na ƙasar Amurka, Frank da Cruz da Bill Catchings suka ƙirƙiro Kermit, wata hanya ta aika fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta layin tarho ko ta wayar da ke haɗa na'urori biyu. Nau'inta da aka rubuta da harshen C, wato C-Kermit, ya bazu a duniya tun cikin shekarun 1980. A 2011 jami'ar ta janye hannunta daga aikin, ta kuma saki asalin rubutun manhajar ga kowa.

To amma mai karatu, samun rubutu daban, samun mai karanta shi daban. Kwamfuta ba ta jin harshen C kai tsaye, sai wata manhaja mai aikin tafinta, irin su GCC, ta mayar mata da shi harshen na'ura. Shi kuwa harshen C, kamar kowane harshe, nahawunsa ya sauya. A da, marubuci yana iya kiran wani aiki ba tare da ya gabatar da shi ba, tafinta ya yi hasashen cewa lamba zai dawo da ita. Ƙa'idar 1999 ta haramta hakan, amma GCC ya ci gaba da gargaɗi kawai, sai a 2024 da GCC 14 ya mai da shi kuskuren da ke tsayar da aiki. A 2025 kuma GCC 15 ya koma bin ƙa'idar C23. Shi ya sa manhajojin sadarwa na wancan zamani da dama suke cijewa a na'urorin yau.

A ganina tafintan yana da gaskiya. A kwamfutar yau adireshin ma'ajiya yana da bit 64, lambar da ake hasashe kuwa 32 ce, don haka hasashen yana iya datse rabin adireshin, manhajar ta faɗi. Laifin namu ne da muka ɗauka ajiye rubutu shi ne adana shi. Umartar GCC ya bi tsohuwar ƙa'idar 1989 kan fitar da mutum kunya, amma rufin asiri ne na ɗan lokaci.

Mu masu nazarin harshe mun san wannan ciwo. Littafin ajami da ke cikin akwati, in babu mai tahaƙiƙinsa, da shi da babu duk ɗaya. Haka ita ma manhaja, kuma har yau akwai na'urorin masana'antu da ɗakunan gwaji da ba a magana da su sai ta tsohuwar waya.

Don haka ina kira ga sassan ilimin kwamfuta na jami'o'inmu da su riƙa bai wa ɗalibai aikin gyaran irin wannan rubutu, layi bayan layi, a matsayin aikin kammala digiri. Wanda ya iya gyara rubutun magabata, nasa ba zai gagare shi ba. Allah ya sa mu dace.