Ɗalibai masu haɗa wakilin AI: ku karanta takardar bayani kafin ku zaɓi kayan aiki

'Yan uwa ɗaliban Arewa, musamman mu da ke karatu a nan Kudu, Legas ne ko Ibadan ko Fatakwal.

Yanzu duk wanda ka tambaya a sashen kwamfuta kan firojet ɗinsa na aji huɗu, sai ya ce maka wakilin AI yake haɗawa, irin wanda zai shiga intanet da kansa ya ɗebo farashin kaya ko labarai. Madalla. Amma akwai abin da nake ganin muna wasa da shi: yadda muke zaɓar manhajar da wakilin zai riƙa aika buƙata da ita. Da yawanmu yawan taurarin GitHub muke dubawa, ko abin da wani ya nuna a YouTube, shi ke nan. Ni ra'ayina, takardar bayanin manhajar ita ce ma'auni na farko.

Ga dalili. Mutum idan ya ga abu ya tsaya, zai yi tsaki ya sake gwadawa ko ya tambayi na kusa da shi. Shi kuwa wakilin AI, abin da aka rubuta masa game da kayan aikin shi ne iyakar saninsa. Ko a tsarin MCP da Anthropic suka fitar a Nuwamba 2024, kowane kayan aiki yana zuwa ne da suna, da bayani, da jerin abubuwan da yake karɓa. Kai kuma daga takardar masu manhajar za ka samo abin da za ka rubuta. In tushen ya gurɓata, abin da ka ba wakilin ma gurɓatacce ne.

Tambayoyi huɗu nake yi wa kowace takarda.

Na ɗaya, in shafi ya ƙi amsawa, har yaushe za a jira? Requests na Python, wanda Kenneth Reitz ya fitar a 2011, ba ya da wa'adin jira sai ka sa masa da kanka, kuma takardarsa ta faɗi haka ƙarara. HTTPX kuwa daƙiƙa 5 yake jira in ba ka canja ba. Da irin netwok ɗinmu na hostal, wanda bai san wannan ba zai iya zuwa ranar difens wakilinsa ya sandare a gaban malamai.

Na biyu, me zai faru in an samu kuskure? Requests ba ya ɗaga murya in shafi ya dawo da 404 ko 500, sai ka umarce shi. Fetch na JavaScript ma haka yake. Ka ga ke nan wakilinka zai iya karanta shafin "ba a samu ba" ya taƙaita maka shi kamar labari. Takarda mai kyau za ta kuma yi bayanin 429, wato ka cika aiko buƙata, ka dakata.

Na uku, in an tura ka wani adireshin, manhajar za ta bi? Curl, wanda Daniel Stenberg ya sa wa wannan suna a 1998, ba ya bi sai ka ƙara masa -L. Requests kuwa yana bi da kansa a yawancin buƙatu.

Na huɗu, akwai gargaɗi kan tsaro da iyaka? Shafin da wakilinka ya ɗebo zai iya ƙunsar rubutun da aka dasa don a yaudare shi ya bar umarninka. Sannan katafaren shafi in ya shige gaba ɗaya, kuɗin token ne ke tafiya, kuma da dala ake biya. Duk kayan aikin da aka yi domin wakilan AI amma bai ce komai kan girman amsa ko robots.txt ba, ni dai ina ja da baya.

Na san wani zai ce, "Malam, ina lokacin? Ga Turancin da nauyi, ga ChatGPT zai rubuto min komai." Gaskiya ne lokaci ya yi ƙaranci. Sai dai manhajoji suna canjawa, kuma abin da ChatGPT ya koya zai iya zama na tsohon zubi. Ranar difens kuma kai za a tambaya me ya sa ka zaɓi wannan ka bar wancan, kuma ba mai amsa maka.

Shawarata ita ce, ka ware minti talatin. Buɗe takardar, nemo amsar tambayoyin nan huɗu, ka kwafi misalinsu na farko ka gwada. Daga nan ka kashe data da gangan ka ga abin da zai faru. In abin da ya faru ya dace da abin da suka rubuta, riƙe manhajar. Sakamakon ma ka sa shi a babi na uku, sufabaiza zai ga ka yi aiki.

Wanda ya san wata manhaja mai kyakkyawan bayani ya faɗa mana mu ƙaru. Allah Ya ba mu sa'a, Ya maida mu gida lafiya.