Mai Zuwa Ƙurɗuba Ya Rage Kuka

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin mutanenmu da Allah ya nufa da zuwa ƙasar Sifen. Da mutum ya sauka Madrid sai ya hau jirgin ƙasa mai gudu, kafin awa biyu ga shi a Ƙurɗuba. Ya shiga tsohon masallacin garin, ya ɗauki hoto, ya share hawaye, la'asar na yi ya juya. In ya komo gida labarinsa ɗaya ne, wai an ƙwace mana Andalus. A nawa ganin wannan zuwan ta'aziyya ne, alhali ɗalibi zumunci ya kamata ya kai shi.

Ban ce babu abin sosa rai ba. Abdurrahman na ɗaya ya aza harsashin masallacin wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗa shi, har yau ginshiƙai fiye da 800 na tsaye, kowane jeri da baka bisa baka, ja da fari. A 1236 Sarki Farnando na uku ya ci garin, aka mai da masallacin majami'a, a 1523 kuma aka fara gina babban coci a tsakiyarsa. Mihirabin Alhakam na biyu yana nan da ayoyinsa cikin ruwan zinariya, amma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Wanda ya ga haka zuciyarsa ba ta motsa ba, lalle da sauransa.

To amma fa, 'yan'uwa ɗalibai, masallacin rabin labari ne. Kilomita 8 yamma da gari akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na uku ya gina bayan ya ɗauki sunan halifa a 929. Birnin bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi wajen 1010, a cikin yaƙin basasar da Musulmin Andalus suka yi da junansu. Watau fiye da shekara 200 ke nan kafin Farnando ya iso ƙofar gari. A 1031 halifancin ya watse, kowane gari ya naɗa sarkinsa, dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gaggawar komawa Madrid ba ya isa wannan kufai, kuma ina zaton ko da lokaci wasu ba za su so isa ba, domin kukan da ake yi a can ba shi da wanda za a nuna wa yatsa. Haka mutum-mutumin Ibn Rushdi da ke gindin ganuwa: an haife shi a garin a 1126, kuma sarkinsa Musulmi ne ya kore shi a 1195, aka ƙona wasu littattafansa.

Batun zumunci kuwa, Bahaushe ba baƙo ba ne a Ƙurɗuba ko da bai sani ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Tafsirin Alƙurɗubi sunansa ma ya faɗi asalinsa. Kai, Ishiriniyar nan da ake rerawa daren Mauludi, wadda har wanda bai yi zurfi a karatu ba ya san amonta, Alfazazi ne ya tsara ta, haifaffen Ƙurɗuba, ya rasu a 1230, shekara 6 kacal kafin garin ya faɗi. Ginin ya koma hannun wasu, karatun kuwa ya ƙetare hamada ya sami masauki a wurinmu. Wanda yake da Ishiriniya a ka, yaya zai tsaya a garin marubucinta yana cewa babu abin da ya rage?

Saboda haka ina ganin matafiyi ya ba garin kwana uku. Ya ƙetare tsohuwar gadar Rumawa a kan kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir, sunan da mutanen ƙasar ke faɗa da nasu harshen har gobe. Ya bi lungunan tsohon gari, inda soro ke kai mutum tsakar gida mai rijiya da shuke-shuke, fasalin da ɗan cikin birnin Kano zai gane ba tare da tafinta ba. Sai dai ya guji watannin Yuli da Agusta, domin zafin garin kan wuce awo 40. A watan Mayu ne masu gidajen ke buɗe tsakar gidajensu kowa ya shiga ya gani.